Jijiyar Muƙamuƙi da Ma'anar Haƙuri

A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wata siririyar hanya da jijiya ke bi. Jijiyar reshe ce ta jijiya ta 5 cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare. Tana shiga ƙashin ta wata kafa da ke can ciki bayan turame, ta ratsa ƙarƙashin saiwoyin haƙora tana bai wa kowane zarensa, sannan ta ɓullo ta wata kafar a gefen haɓa, ta bazu a leɓen ƙasa. Shi ya sa idan aka yi allurar kashe zafi a bakin kafar farko, rabin leɓe da haɓa kan yi nauyi. William Halsted da Richard Hall ne suka fara irin wannan allura a Amurka a 1884.

Sai dai halitta ba ɗaya ba ce. A wasu mutane hanyar kan rabu biyu, a wasu kuma wata jijiya daga gefe kan kai wa turame ji. Kumburi da ruɓa ma suna rage ƙarfin maganin. Saboda haka mutum na iya shan allura daidai, amma a taɓa haƙorin ya ji har tsakar kansa.

A nan tambayar addini ke tasowa. Bahaushe ya ɗauki raki abin kunya, dauriya kuma ado. Mutumin Dutsen Abba da kakanninsa suka saba wanzami ya cire musu haƙori ba allura, idan ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, yakan cije ya yi shiru, yana ganin faɗin zafi gazawar imani ce. Hujjar da ake kawowa ita ce hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana ne kan abin da ya sami bawa. Bai umarci kowa ya riƙe ciwon da ake iya kawarwa ba, kuma Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani. Haƙuri shi ne kame zuciya da harshe daga fushi da ƙaddara. Sanar da likita inda ke ciwo bayani ne da aikinsa ke buƙata.

Ko azumi ba ya hanawa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa cire haƙori da allurar da ba ta abinci ba ba sa karya azumi, muddin ba a haɗiye komai ba.

Wanda ya ji zafi bayan allura ya faɗa, a ƙara masa. Imaninsa bai ragu ba.