Hoton Jijiya Ba Leƙen Ajali Ba Ne

A ce dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya haura sittin, ga hawan jini, ga taba. Ciwon baya ya kai shi asibiti a Gumel. Likita ya dafa cikinsa daidai saman cibiya, ya ji wani abu na harbawa kamar zuciya ta biyu, sai ya rubuta masa takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗauki hoton CT na babbar jijiyar jini.

Da magariba zaurensa ya cika, ana ta ce masa: "Haba Alhaji, mene ne na leƙen ajali? Abin da Allah Ya rubuta ai ba makawa."

Amma me na'urar take gani? Ana zuba ruwa mai sinadarin ayodin ta jijiyar hannu, mutum ya ji ɗumi ya ratsa shi, a ce ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Hoto ya fito da faɗin jijiyar. Idan ta kai santimita 3 a ciki, ta kumbura. Idan ta kai 5.5 ga namiji, likitoci sukan ba da shawarar tiyata kafin ta fashe. Awo ne kawai, irin na dillali mai duba haƙoran raƙumi ya faɗi shekarunsa, ba wanda ya taɓa ce masa boka. Ranar mutuwa kuwa ba ta cikin hoton: an ga kumburin jijiyar masanin kimiyya Albert Einstein a 1948, bai rasu ba sai 1955.

Su kansu masu gardamar sun san labarin Sayyidina Umar, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Abin da ke hana mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa Kano, sau da yawa kuɗin mota ne da na hoton, sai a lulluɓe talauci da rigar tawakkali. Nan ya kamata dangi su sa hannu a aljihu.

Saura batun mai azumi da za a zuba wa ruwan ayodin. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce allurar jijiya wadda ba ta ciyarwa ba ta karya azumi. Sai dai ruwan ayodin yakan wahalar da ƙoda mai rauni, shi ya sa ake gwada jini tukuna, kuma likita kan ce a sha ruwa sosai bayan hoton.