Gurgu Da Hanyar Makka

Ko wace shekara idan aikin Hajji ya gabato, ba a rasa gidan da ake jayayya a kan wani dattijo da ƙafa ta gaza, wanda ya yi shekaru yana tara guzuri, amma 'ya'ya da dangi suka ce ya haƙura, ai Allah Ya ɗauke masa. Maganarsu tana da tushe, domin a Suratu Ali Imrana, aya ta 97, an rataya wajibcin Hajji ne a kan samun iko, a Suratul Fathi kuwa, aya ta 17, an ɗauke laifi daga makaho da gurgu da majinyaci idan ba su fita yaƙi ba. Abin tambaya shi ne, wannan rangwame hakkin wane ne, na mai lalurar ko na masu lafiyar da ke kewaye da shi?

Malaman tarihi sun kawo labarin Amru ɗan Jamuhu, mutumin Madina, wanda gurguntakarsa ta yi tsanani ƙwarai. Da aka yi shirin fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, 'ya'yansa suka so su tsare shi a gida da irin wannan hujja. Ya kai kukansa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Manzo ya tabbatar masa da cewa Allah Ya yi masa uzuri, sa'an nan ya juya ga 'ya'yan ya ce kada su hana shi. Ya fita, can kuma ya yi shahada. Watau uzurin ya tabbata, amma a hannunsa aka bar shi.

A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, iko shi ne mutum ya iya isa Makka ba tare da wahala mai tsanani ba, da aminci a kan rai da dukiya. Har ma a cikin Muhtasar na Halilu an lissafa makahon da ya sami ɗan jagora cikin masu iko. Ashe ke nan iko ba a jikin mutum kaɗai yake ba, wani sashe nasa yana hannun jama'a. Manzon Allah da kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Ban Kwana, shekara ta 10, kuma da Ummu Salama ta koka da rashin lafiya sai ya umurce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa daga bayan mutane. A zamanin nan keken guragu ya maye gurbin raƙumi. A Masallacin Harami an tanadi wuraren bi domin masu keke, har a tsakanin Safa da Marwa, inda zagaye bakwai ya kai kimanin kilomita 3.

Lalle wahala tana nan, ga zafin rana, ga cunkoson Mina. Idan likita ya ce tafiya za ta cutar da mutum, wajibi ne a faɗa masa gaskiya. Amma sau da yawa abin da ake kira tausayi gudun tura keke ne, ɗa yana tsoron kada hidimar tsohonsa ta rage masa ladan ibada, alhali kuwa hidimar ita kanta ibada ce.

Ba ma sai an je Makka ba. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigansu. Duk da haka masallatai da yawa matattakala ce ke tarbar mai shiga, wurin alwala kuma sai mai iya tsugunawa. Ran Juma'a saurayin da shan inna ta kama tun yana ƙarami yakan tuƙo kekensa daga wata unguwa, ya tarar babu ta inda zai shiga, ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana. Masu wucewa sai su miƙa masa sadaka, su shige sahu.