Mutum na Goma Sha Huɗu a Cikin Jirgin

A shekara ta 1633, Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holand, ya ɗauko labarin Markus 4:35-41 ya zana hadarin Tekun Galili. Raƙuman ruwa sun cira goshin jirgin sama, almajirai kuwa kowa da abin da ya dame shi: waɗansu suna kokawa da filafilai, ɗaya ya sunkuya gefe yana amai, waɗansu sun kewaye Yesu sun tashe shi daga barci.

Wanda ya ƙidaya mutanen zai sami goma sha huɗu. Ga Ubangiji, ga sha biyun nan, sai kuma wani mai dafe da hula, riƙe da igiya, ya zuba wa mai kallo ido. Masana da yawa sun ce fuskar Rembrandt ce. Bai ajiye kansa a gaci ba, cikin matsorata ya shiga.

Haka yake ga iyalin da ciwo ko bashi ya girgiza. Tsoro ba ya fitar da mai bi daga jirgin. Ko Bitrus, masunci ne da ya saba da wannan ruwa, ya firgita, Almasihu kuwa sai da ya tsauta wa iska tukuna ya tambaye su batun bangaskiyarsu. A zanen ma haske ya sauka ne inda ake fama da ruwa, shi Ubangiji yana zaune a ɓangaren duhu.

A 1990 ɓarayi sanye da kayan 'yan sanda suka sace zanen a Boston. Har yau firam ɗinsa yana rataye wayam.