Tsirkiya da Kibiya a Lanƙwasar Layin Dogo

Tsarki ya tabbata ga Allah, Mai hikima, da Ya ɗora da'ira bisa ƙa'ida guda wadda ba ta saɓawa, ko ta ƙanƙanta kamar zobe ko ta kai faɗin falaki. Mu da muka tashi a Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927, muna ratsa ayar wannan ƙa'ida kullum, amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su yi tafakkuri a kanta.

Dogo ba ya karya kwana, sai dai ya lanƙwasa sannu a hankali, musamman wanda ya nufi Jos yana hawan tudu. Kowace lanƙwasa yanki ce na wata babbar da'ira da ido bai taɓa ganin cikarta ba. To, yaya ma'aikaci zai san girmanta? Sai ya ɗaure igiya daga wani wuri a jikin ƙarfen zuwa wani, ta miƙe kamar tsirkiya a jikin baka, ya durƙusa a tsakiyarta ya auna tazarar da ke tsakaninta da ƙarfen. Wannan 'yar tazara ita malaman handasa na Larabawa suka kira kibiya.

A nan abin mamakin yake. Kibiyar da ta tsaya cak a tsakiyar tsirkiya, da za a zarce da ita, babu makawa sai ta ratsa cibiyar da'ira ta ɓulla ɗaya gefen. Wato guntuwa ce ta dayamita, layin da ya fi kowace tsirkiya tsawo. Malamin handasa Uƙlidis ya tabbatar a littafi na 3 na handasarsa cewa idan an ninka rabin tsirkiya da kansa, daidai yake da kibiya an ninka ta da ragowar dayamita. Mu ɗauka igiyar mita 20 ce, kibiya kuwa santimita 10. Goma sau goma 100 ke nan. A raba da kashi ɗaya cikin goma na mita, sai ga ragowar dayamita mita 1,000. Cibiyar tana can nesa, kusan rabin kilomita, wataƙila a tsakiyar gonar citta, babu turke babu alama, amma ga shaidarta a tazarar da ba ta kai taƙi ba. Subhanallah!

Ba banza ba masanin lissafi Albiruni ya keɓe wa tsirkiyoyin da'ira littafi sukutum. Mu dai a ganinmu, ilmin da yake tsare rayuka ya cancanci a koyar da shi da igiya a hannu, a fili, kafin a kai ga allo. Domin ma'aikacin yana bin lanƙwasar ne yana maimaita awon: muddin kibiya ba ta canza ba, dogo yana nan daram, inda ta ƙaru ko ta ragu fiye da kima, ruwan damina ko nauyin taragu ya gusar da ƙarfen, sai a kira masu gyara su mayar da shi mazauninsa kafin jirgi ya iso.