Inuwar Gida da Inuwar Gari

Duk wanda ya taso daga Kibiya ko Rano ya nufi Kano, ya bi ta Bunkure ya ɓulla Karfi, zai lura da wani abu. Muddin yana cikin karkara ba ya rasa itace a tsakiyar gonaki: ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga gawo mai kaɗe ganye da damina ya tofo da rani. Da ya kusato Na'ibawa sai itatuwa su janye, bulo da kwano su maye gurbinsu. Inuwa mai kauri kuwa sai ya shiga irin su Nasarawa da Bompai, inda manyan ma'aikata da attajirai su ke zaune. Can titi shiru, iska na kaɗawa, tsuntsaye na kuka, har baƙo ya ce ashe akwai ƙauye a cikin birni.

To, abin tambaya shi ne, ƙauyen ne kuwa? Mutumin karkara da Allah ya buɗa wa a birni, in ya tattara dukiyarsa ya nemi irin wannan unguwa domin 'ya'yansa su tashi yadda ya tashi, ya sami abin da ya ke nema?

Ya kamata a fara sanin asalin waɗannan unguwanni. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka zauna bayan ganuwa, wajen gabas. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi doka a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don tsoron sauro da zazzaɓi. Suka yanka filaye masu faɗi, suka dasa itatuwa, har da darbejiya wadda asalinta daga Indiya ne. A cikin 1903 ɗin nan ne kuma aka kafa wani gari a Ingila, Letchworth, bisa shawarar wani Bature, Ebenezer Howard, wanda ya so a haɗa amfanin birni da daɗin karkara wuri guda. Amma shi nufinsa ƙasar ta zama ta jama'ar gari, ma'aikaci da mai arziki su sha inuwa ɗaya. Ita kuwa unguwar Turawa ta Kano, tun ran farko don rabuwa da jama'a aka shata ta. Bayan samun mulkin kai a 1960 'yan ƙasa suka gaji gidajen, suka gaji rabuwar, suka ƙara mata katanga.

Ga inda bambancin ya ke. A ƙasar Rano, ɗorawar da ke cikin gona tana da mai ita, kalwarta tasa ce, ba mai kaɗe ta sai da izninsa. Amma inuwarta ba ta da mai ita. Matafiyi ya sauke kaya ya huta, makiyayi ya zauna, ba wanda zai ce masa tashi. Haka itacen ƙofar gida. Wanda ya dasa shi mutum ɗaya ne, amma ƙarƙashinsa wanzami ke aski, tsofaffi ke tufkar igiya, nan a ke sasanta rigimar kan iyaka, nan magidanta ke fito da akusa su yi ciyayya da almuru. Yaron da ya yi ashar a wurin, duk babban da ya ji zai tsawata masa, uban kuwa godiya zai yi. Watau ba ganye ne ya sa wurin ya zama ƙauye ba, mutanen da ganyen ya tara ne.

A unguwar masu hali itacen yana cikin katanga, inuwarsa tana faɗa wa mota. Yaro ya tsira daga kwata da hayaƙi, wannan gaskiya ne. Amma a mota a ke kai shi makaranta, a mota a ke komo da shi, babban da ya fi sani a waje shi ne mai gadi. Malamai sun ce haƙƙin maƙwabtaka yana kaiwa gida arba'in. A nan sai a yi rasuwa gida na uku, mutum bai sani ba sai ya ga rumfa a titi.

Kada fa a ɗauka son irin wannan zama laifi ne. Ba uban da zai ga iska mai kyau da ruwa mai tsabta ya ƙi wa iyalinsa. Ƙauye kuma ba aljanna ba ne. Akwai gulma, akwai hassada, akwai sa ido wanda ke hana mutum sakewa, wanda duk ya taɓa kwana da mai naƙuda inda ba mota ya san sauran. Waɗansu ma wannan sa idon suka gudu, katanga kuwa ta yi musu magani. Sai dai idon da ke ƙirga buhunan mutum, shi ne ke ganin ɗansa in ya doshi rijiya. Ba a raba su, wanda ya rufe ɗaya ya rufe duka biyu.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi. Sababbin unguwannin da a ke yaba wa shiru da sarari, a kan gonakin waɗansu a ke gina su. Sunan Gandun Albasa kaɗai ya isa shaida, Hotoro da Ɗanbare kuwa ƙauyuka ne kafin birni ya cim musu. Tun dokar ƙasa ta 1978 filaye suna hannun gwamna, in hukuma ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da gini a ke biya, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya sayar da kansa kuma, kuɗi su ƙare cikin shekara biyu ko uku, ya koma leburan gini a inda ubansa ya yi huɗa. Abin da mai sayen fuloti ya kan fara yi shi ne ya sare ɗorawar da ya tarar, wadda ta girme shi, sa'an nan ya sayo ɗan dashe a leda ya sa a tsakar gida. Ya kori ƙauye na gaske, yana kewar ƙauye. In an ce bai yi zalunci ba, tun da ciniki ya yi, to, a ƙalla ana binsa bashi: bashin itacen da ya sare, da na mutumin da ya tayar, wanda ya cancanci a san sunansa a unguwar, ba a kira shi mai kawo yashi ba.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano a ke kira Sarakunan Baba saboda rini. Gari ne mai sarki da kasuwa, amma gona tana bayan gida, Kibiya kuwa ta fi ta kusa da gona. Abin da attajirin Kano ke zuba kuɗi yana nema, mutanen nan a cikinsa aka haife su. Abin tsoro shi ne yayin katanga ya fara bin hanya yana zuwa gida. Ɗan gari ya yi arziki a birni, ya komo zai yi gini, sai ya kawo fasalin Nasarawa: bango mai tsawo, ƙyauren ƙarfe, ba dakali, ba zaure. Zaure kuwa ɗaki ne na mai gida wanda gari ke da rabo a cikinsa, nan almajiri ke fakewa daga ruwa, nan baƙon da dare ya yi wa ke kwana. Yanzu in magini ya zo awo, ya kan tambaya ko za a fitar da zaure, sau da yawa sai a ce masa a'a, wurin na ajiye mota ne.