Da Wane Mudu Za Mu Auna Ilimi? Nijeriya da Nijar a Faifai

Tsakanin Katsina da Maraɗi babu teku, babu dutse, sai iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20. Jama'a ɗaya ce, har yau ma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. Amma idan muka ɗauki yara biyu, ɗan wa da ɗan ƙane, muka sa ɗaya makarantar boko a nan, ɗaya kuma a can, za su fito ɗaya da Ingilishi, ɗaya da Faransanci, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa aka cuta. To, a cikinsu wa aka yi wa adalci?

Idan shekaru za mu ƙidaya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ɗan Nijeriya yakan yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. Ɗan Nijar kuwa yakan yi 6, sannan 4, sannan 3, ya zauna jarrabawar Bakaloriya. Inda hanya ta rabu tun asali shi ne harshen da ake tarbar yaro da shi ranar da ya fara shiga aji.

A Arewacin Nijeriya, tun makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake fara karatu. Wannan ne ya haifar da bukatar littattafai, har aka shirya gasar ƙaga labarai ta 1933 wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. A Nijar kuwa, Faransanci kaɗai doka ta yarda da shi a makaranta, yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi harshen gida a rataya masa alamar kunya. Masu ƙwazo ƙalilan, irin su Boubou Hama da Hamani Diori, sai da suka dangana da makarantar William Ponty a Senegal kafin su zama malamai.

A nan ne mu mutanen Nijeriya mukan yi saurin bugun ƙirji, alhali laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bature ɗan Ingila ya kama Hausa ne domin yana bukatar malaman haraji da akawunan En'e cikin araha, ya kuma taƙaita karatun yadda Arewa ta wayi gari Kudu ta yi mata fintinkau. Bafaranshe kuwa ya zaɓi tsiraru ya ba su harshensa har ƙarshensa, ya bar sauran jama'a a waje. Dukkansu biyu da bukatar mai mulki suka auna ilimi. Babu wanda ya tambayi yaro ko ya gane.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, kowace ƙasa ta yi ƙoƙarin gyara. Masanin Nijar Abdou Moumouni ya yi kira a littafinsa na 1964 da a koma ga harsunan Afirka, aka kuma buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A Nijeriya, Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, suka fito ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa, ta 2022 ta miƙa shi zuwa shekara 6. Sai ga shi a 2025 ƙasashen biyu sun yi musayar gurbi: Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, ita kuwa Nijeriya ta soke manufar harshen uwa a watan Nuwamba, bisa hujjar cewa ɗalibai na faɗuwa jarrabawa.

Wajibi ne mu saurari masu adawa, domin hujjarsu tana da nauyi. Nijeriya tana da ɗaruruwan harsuna, mu da muke karatu nesa da gida kuwa mun san da Ingilishi muke fahimtar juna da abokan zamanmu a aji. Haka nan a Nijar, Bazabarme da Bafulatani da Buzu da Babarbare suna da haƙƙin da Bahaushe yake nema wa ɗansa. In har muka ɗora musu Hausa dole, mun zama abin da muke zargi. Bugu da ƙari, talakan da yake son ɗansa ya iya Turanci abinci yake nema masa, ba mu da bakin da za mu ga laifinsa.

Duk da haka, muna ganin mudun da ya dace shi ne wannan: yaro ɗan shekara 7 ya gane abin da malami ya faɗa, ya kuma iya komawa gida ya bayyana wa mahaifiyarsa. Wanda ya iya karatu da lissafi da harshen da yake tunani da shi, baƙon harshe ba zai gagare shi ba daga baya. Wanda kuwa aka fara masa da haddar kalmomin da bai san ma'anarsu ba, an koya masa tun yana ƙarami cewa ilimi abu ne da ake maimaitawa ba tare da fahimta ba, wannan kuwa zalunci ne komai kyan niyyar mai yinsa. A kan wannan mudu, babu ƙasar da ta cika tiya, domin ayyana harshe a takarda ba ya buga littafi, ba ya horar da malami.

Saura mu. Mu ne muke nazarin Hausa a jami'a, amma littattafan lissafi da kimiyya nawa muka rubuta wa 'yan firamare da ita? Ƙannenmu nawa ake cin tararsu a makarantun kuɗi don sun yi Hausa, muka yi shiru? Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. In muna son yaran nan biyu na Katsina da Maraɗi su sami nasu, mu ne masaƙan, lokacin zama a kan masaƙa kuwa ya yi.