Kada Ka Auna Ranka da Mudun Wani

Karatu: Yohanna 21:15-22

A karatunmu na yau Yesu ya riga ya tashi daga matattu, ya tarar da almajiransa a bakin tekun Tibariya. Sau uku ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa, sau uku kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Ya nuna masa har irin mutuwar da zai yi. Bitrus ya waiwaya ya hangi Yohanna yana biye da su, sai ya nemi sanin abin da zai sami shi kuma. Ubangiji bai ba shi labarin Yohanna ba. Ya nuna masa cewa wannan ba ruwansa, aikinsa shi ne ya bi shi.

Wannan waiwaye yana nan a Zongon Kumasi har yau. Kana zaune ɗakin haya a Aboabo ko Asawase, sai ka ji abokin wasanka ya dawo daga Jamus, ana kiransa boga, ya ɗora bene. Tun daga ranar tuwon gidanka ya daina daɗi. Ke kuma 'yar'uwa, kina ɗaukar kaya a Kejetiya, ran Lahadi ki shiga majami'a ki ga zanen wata, sai waƙar yabo ta maƙale a bakinki. Akwai samarin da suka ajiye koyon kanikanci a Suwame, suka bi ta Agadas zuwa Libiya domin hoton da wani ya sa a Facebook. Waɗansu sun ƙare a hamada, waɗansu a Bahar Rum.

Tsofaffin Zongo suna da abin da za su koya mana. Ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana. 'Yan kasuwar da ake sha'awar dukiyarsu suka sayar da gidaje da rumfuna da araha, suka hau mota. Ba a daɗe ba kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, mutanen Gana suka yi ta kwarara zuwa Legas, wanda bai je ba ana ganin ya yi sake. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, kusan mutanen Gana miliyan 1 suka komo gida da kayansu a ka. Cikin shekara 14 kacal, wanda ake yi wa hassada ya zama abin tausayi har sau biyu. Ta yaya za ka auna darajar ranka da abin da ke juyawa haka?

Mai sayen masara ba ya yarda da olonkar da aka buge gindinta. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa masu auna kansu da junansu ba su da fahimi (2 Korintiyawa 10:12). Rayuwar maƙwabcinka irin wannan mudu ce. Kana ganin benensa, ba ka ganin bashinsa ko hawayensa na dare. In ya fi ka, sai baƙin ciki. In ka fi shi, sai girmankai. Dukansu biyu suna ɗauke idonka daga kan Yesu.

A misalin talanti (Matiyu 25:14-30), mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, domin aminci maigidan ya duba. Wanda ya sha hukunci shi ne wanda ya binne nasa. Haka ma Bitrus da Yohanna. Tarihin ikkilisiya ya ce an kashe Bitrus a Roma zamanin Sarki Niro, Yohanna kuwa ya tsufa bayan ya sha zaman kurkuku a tsibirin Batmusa. Hanya biyu dabam, Ubangiji ɗaya suka ɗaukaka.

Wannan ba kira ba ne ka naɗe hannu. Yi aiki, koyi sana'a, sa 'ya'yanka makaranta. Amma ka gwada aikin kanka, kamar yadda Galatiyawa 6:4 ta koyar. Me Allah ya sa a hannunka? Keken ɗinki ne, ko tukunyar wake da shinkafa, ko ajin yara ran Lahadi? Ka riƙe shi da gaskiya a gaban maƙwabtanka Musulmi da Kirista. A wannan mako, ka ambaci sunan wanda kake jin haushin ci gabansa, ka roƙa masa albarka, ka kuma je ka gaishe shi.

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake zuciyata daga hassada da girmankai. Ka koya mini godiya da aminci cikin abin da ka danƙa mini, in bi Ɗanka ba tare da waiwaye ba. Cikin sunan Yesu, Amin.